Labarin Kaduna, Garin Gwamna, Da Masaƙun Da Suka Raya Ta

Duk ɗan Arewa da ke zaune a nan Ikko, ko Badun, ko Anacha, ko Fatakwal, in ya tashi zuwa ganin gida, da wuya ne bai ratsa ta Kaduna ba. In tsohuwar hanya motarku ta biyo, watau ta Jebba da Mokwa da Tegina da Birnin Gwari, to, ta Mando za ku shiga garin. In kuwa ta Lokoja da Abuja kuka biyo, ta Gonin Gora za ku shiga. A nan direba kan tsaya a huta a ci abinci, sa'an nan kowa ya nemi motar garinsu a Kawo. Yawancinmu iyakar sanin da muka yi wa Kaduna ke nan, zango ce a kan hanya.

Amma fa garin nan yana da labarin da ya shafe mu. An yi zamani, ba da daɗewa ba, da saurayi Bayarabe ko Ibo ko ɗan Binin kan ɗaure akwatinsa, ya shiga jirgin ƙasa a Iddo ko Inugu, ya nufi Kaduna neman aiki, kamar yadda samarinmu ke hawa bayan tirela a yau suna gangarowa kudu. Yaya aka yi abin ya juya haka? Wannan shi ne abin da za mu duba a makon nan.

ASALIN GARIN

Kaduna ba tsohon birni ba ne irin su Kano ko Zariya ko Katsina. Ba ta da ganuwa, ba ta da tsohuwar fada. Turawa ne suka kafa ta, a ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, a cikin yankin da ke ƙarƙashin Sarkin Zazzau. Game da sunan, wasu sun ce daga kadunan da ke cikin kogin aka samo shi, watau jam'in kada. Gbagyi kuwa suna cewa daga kalmarsu ta kogi ya fito.

A cikin 1902 Gwamna Lugga ya fara mulkin Arewa daga Zungeru, amma wurin bai yi wa Turawa daɗi ba, ga zafi, ga sauro, ga nisa daga manyan garuruwan sarakuna. Da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a cikin 1911, sai suka hangi wurin nan da layin dogo ya ƙetare kogin Kaduna. Akwai ruwa rani da damina, akwai fili wadatacce, sa'an nan babu wani babban sarki a kusa da zai ce an shigar masa gida. Aka fara kai sojoji, daga baya a cikin 1917 aka kwashe ofisoshin Gwamnati daga Zungeru aka mayar can. Kafin 1930 layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan, shi ma ya zo ya haɗu da na Ikko a Kaduna.

Saboda haka waɗanda suka fara cika garin su ne soja da ma'aikatan reluwe da akawuna da leburori da 'yan kasuwa, kowa daga garinsu ya zo. Wanda ya zaga tsakiyar gari zai ga shaida a sunayen tituna, ga Titin Legas, ga na Ibadan, ga na Abeokuta, ga na Warri, ga na Katsina da na Kano, duk a jere. Unguwanni ma haka, akwai Tudun Nupawa, akwai Unguwar Kanawa. In ka cire Gbagyi, kowa a Kaduna baƙo ne, sai dai wani ya riga wani zuwa.

HEDKWATAR JIHAR AREWA

Da aka fara siyasa, sai darajar Kaduna ta ƙaru. A zauren Lugard Hall ne Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Jihar Arewa ke zama. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zama Firimiya a cikin 1954. A cikin 1956 aka cire Kaduna daga hannun En'e ta Zariya aka mai da ita yankin hedkwata mai mulkin kansa, a shekarar ce kuma Sarauniyar Ingila ta zo aka yi mata babban hawan daba. Ran 15 ga watan Maris, 1959, Jihar Arewa ta sami mulkin kai, a Kaduna aka yi bikin.

Cikin 'yan shekarun nan ne aka kafa yawancin abubuwan da aka san garin da su. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma har a nan kudu dattawanmu kan kama shi da dare su ji gaisuwa da labarin gida. Makarantar horon hafsoshin soja, watau NDA, da ma'aikatar ƙera makamai ta DIC, duka a 1964 aka kafa su. Jaridar New Nigerian ta fara fitowa ran 1 ga Janairu, 1966. Mako biyu bayan haka, ran 15 ga wata, sojoji suka kashe Sardauna a gidansa, wanda a yanzu a ke kira Arewa House, inda a ke adana takardun tarihi. Tarzomar da ta biyo baya a shekarar ta sa dubban mutanen gabas suka bar garin, amma da yaƙin basasa ya ƙare a 1970 da yawansu sun komo.

A cikin 1967 aka rushe Jihar Arewa aka yi jihohi goma sha biyu a Nijeriya, Kaduna ta zama hedkwatar Jihar Tsakiyar Arewa. A 1976 aka sake wa jihar suna ta koma Jihar Kaduna, a 1987 kuma aka cire Katsina. Duk da haka manyan Arewa ba su bar garin ba, tsofaffin sakatarori da janar-janar a nan su ke gina gidajen ritaya, har jaridun kudu suka laƙaba wa wasunsu suna "Kaduna Mafiya".

AUDUGA TA KOMA YADI

To, amma ofisoshin Gwamnati kaɗai ba su isa su ciyar da babban gari ba. Abin da ya raya Kaduna shi ne auduga. Tun farkon mulkin Turawa, kamfanin BCGA na birnin Manchesta, wanda mutanenmu ke kira Bisije, ya kakkafa gidajen gurza a Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Manomi ya noma, a gurje, a ɗaure dila-dila, a loda a jirgin ƙasa zuwa Apapa, a kai Ingila a saƙa, sa'an nan a komo da ita a sayar wa manomin nan da tsada. Mu ke da audugar, su ke da ribar.

Gwamnatin Sardauna ta ga wannan ba ciniki ba ne. Sai ta haɗa hannu da wani kamfanin saƙa na Ingila mai suna David Whitehead, aka zuba kuɗin Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa, watau kuɗin manoman gyaɗa da auduga, aka gina masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, kudu da kogi, kusa da tashar jirgin ƙasa. Ta fara aiki a cikin 1957, ita ce kuwa babbar masaƙar zamani ta farko a Nijeriya duka. Akoko ta fara saƙawa, wanda talaka ke saye ya kai marina ko ya ɗinka taguwa.

Da aka ga ta karɓu, sai wasu suka biyo. Aka buɗe Nortex a 1962. Wajen 1965 wani attajiri daga Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa United Nigerian Textiles, watau UNTL, wadda ta shahara da buga atamfa, ta kuma zama mafi girma a ƙasar. A daidai lokacin ne kamfanonin Japan suka kafa Arewa Textiles. Kamfanin UNTL ya yi rassa har Funtuwa da Gusau, kuma masaƙar Nichemtex ta Ikorodu da mu ke gani a nan Ikko 'yar gidansu ce. Ba a jima ba aka fara kiran Kaduna da suna Manchesta ta Nijeriya. Ƙidayar 1963 ta sami mutum kimanin 150,000 a garin, alhali shekara hamsin kafin nan daji ne da 'yan ƙauyuka.

RAYUWA A KAKURI

Wanda ya zauna Kakuri ko Makera ko Nasarawa a shekarun 1970 ba ya bukatar agogo, jiniyar masaƙa ita ce agogonsa. Injuna ba sa tsayawa, akwai masu aikin safe, da na rana, da na dare. In lokacin canji ya yi, sai ka ga titi ya cika maƙil da kekuna, masu fita suna karo da masu shiga. A bakin ƙofa ga masu koko da ƙosai, ga mai shayi, ga mai tsire, ga mai gyaran keke. In wata ya ƙare aka biya albashi, kasuwar Kakuri ta cika, mai gidan haya ya karɓi nasa, tela ya karɓi nasa, mai kantin da ya ba da bashi ya huta. Ma'aikaci guda yana riƙe da gidansa, yana kuma aika wa iyaye a ƙauye kuɗin taki da na haraji.

Wani abin lura shi ne irin mutanen da ke cikin masaƙun. A kan layin inji guda za ka tarar da Bahaushe da Bajju da Atyap da Tibi da Idoma da Igala da Bayarabe. Injin ba ya tambayar addinin mai kula da shi, in zare ya tsinke kowa ya san abin yi. A gidan haya guda su ke zaune, famfo guda matansu ke ɗibar ruwa, 'ya'yansu kuma makaranta guda su ke zuwa. Da yamma a tafi filin wasa na Ahmadu Bello kallon ƙwallo, inda ƙungiyar Ranchers Bees ta yi tashe har ta kai wasan ƙarshe na cin kofin Afirka na zakarun kofuna a 1988.

Haɗuwar nan ita ta haifi ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi. A cikin 1978, da Gwamnatin soja ta sake tsarin ƙungiyoyin ma'aikata, aka haɗa na masaƙu da na ɗinki wuri guda, hedkwatarsu kuwa a Kaduna. Adams Oshiomhole, ɗan ƙasar Edo, yana saurayi ya je Kaduna ya kama aiki a Arewa Textiles. A 1982 ya zama babban sakataren ƙungiyar, a 1999 ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, daga baya a 2008 ya zama Gwamnan Jihar Edo. Shi ma ci-rani ya je, kamar yadda mu ka zo nan.

ZAMANIN MAN FETUR

Da kuɗin mai suka shigo a shekarun 1970, Gwamnatin Tarayya ta ƙara wa Kaduna manyan ma'aikatu. A cikin 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, a shekarar da aka buɗe ta Volkswagen a Ojo a nan Ikko. Fijo 504 ta Kaduna ita ce ta zama motar Gwamnati, da motar haya, da motar duk ma'aikacin da ya sami rancen mota. Aka kafa ma'aikatar takin sufa. A 1977, lokacin bikin FESTAC, aka gina otal ɗin Durbar aka kuma yi hawan daba da ba a taɓa ganin irinsa ba. A 1980 aka buɗe matatar mai, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, mai tace ganga 100,000 a rana, daga baya aka ƙara ta kai 110,000. Ban da fetur da kananzir, tana fitar da kwalta da man juye, da baƙin mai wanda masaƙu ke hura tukwanensu da shi.

Sai dai akwai wata ɓaraka da ba a lura da ita ba a lokacin. Sababbin ma'aikatun nan ba kamar masaƙa su ke ba, wadda ke cin audugar Funtuwa. Kayan Fijo daga Faransa a ke kawo su, da farko ma ta jirgin sama zuwa Kano, domin a lokacin tashar Apapa ta cushe da jiragen siminti. Ɗanyen man matatar kuwa ta bututu ya ke tahowa daga wajen Warri, tafiyar ɗaruruwan mil, wani ma sai an sayo shi daga ƙasashen waje. A gefe guda kuma noman auduga ya soma lalacewa. Farin 1973 ya buge manoma, samari suka bar gona suka tafi birni aikin kwangila, farashin da Hukumar Ciniki ke biya kuma bai taka kara ya karya ba. Kafin a ankara, masaƙun da aka gina domin audugar Arewa sun fara sayo auduga daga waje.

YADDA AKA SOMA JA DA BAYA

Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin waje suka yi wuya, samun lasin na shigo da kayan gyara da sinadarin rini ya zama sai mai hanya. Masaƙu suka fara rage ma'aikata. A cikin 1986 Gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, aka karya darajar Naira, aka rushe Hukumar Auduga tare da sauran hukumomin ciniki. Manomi ya sami 'yancin sayar wa wanda ya ga dama, amma aka rasa mai raba iri mai kyau da mai tantance auduga, sai iri ya cakuɗe, inganci ya faɗi.

Sa'an nan ga matsalar wuta. Masaƙa ba ta jure ɗauke wuta, in NEPA ta ɗauke, zare ya tsittsinke, rini ya ɓaci. Dole kowace ta sayi manyan janareta ta riƙa ƙona gas. Matatar mai da ke maƙwabtaka da su ita ma ta shiga tsaye-tsaye saboda rashin gyara, baƙin mai ya yi wuya ya yi tsada. Jirgin ƙasa da ke kai kaya Apapa da arha ya durƙushe, aka koma manyan motoci.

Abin da ya ƙarasa su shi ne kayan waje. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, a 1997 kuma aka ɗage hanin shigo da yadi. Ko da aka sake hanawa daga baya, 'yan sumoga sun riga sun san hanya, ta Kwatano a nan kudu, ta Maraɗi da Jibiya a Arewa. Masaƙun ƙasar Sin, masu wuta ba yankewa da rance mai sauƙi, suka riƙa kwaikwayon zanen atamfar Nijeriya, har da tambarinta, suna sayarwa ƙasa da abin da masaƙar Kaduna ke kashewa kafin ta fitar da turmi guda. Kantin Kwari na Kano da Balogun na Ikko suka cika da su. Mu faɗi gaskiya, cikin masu kawo kayan akwai 'yan'uwanmu, cikin masu saye kuwa akwai ni akwai kai, domin kowa arha ya ke nema in zai haɗa lefe.

A cikin 2002 Kaduna Textiles, uwar masaƙu, wadda ta zama mallakar jihohin Arewa goma sha tara, ta rufe ƙofa. Ma'aikatanta suka shafe shekara da shekaru suna bin kuɗin sallamarsu, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Nortex da Finetex da Arewa Textiles suka bi baya cikin 'yan shekaru. A 2007 UNTL ta tsaya, ta sallami mutum kimanin 4,000. An sake buɗe ta a 2010 da taimakon rancen Naira biliyan 100 da Gwamnati ta ware wa masana'antar auduga da yadi, amma ba ta koma ko kusa da ƙarfinta na da ba. Ma'aikatar Fijo kuwa an sayar da ita ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya yi mata yawa har hukumar AMCON ta karɓe ta a 2012.

KOGI YA RABA GARI

A daidai shekarun da aiki ke ƙarewa ne zaman lafiyar garin ya taɓu. Rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992 duk sun watsu har cikin Kaduna. Mafi muni shi ne wanda ya ɓarke ran 21 ga Fabrairu, 2000, a kan batun kafa shari'ar Musulunci a jihar, ya kuma sake tashi a watan Mayu. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum 2,000 ko fiye suka hallaka. Mu mazauna kudu ba za mu manta ba, domin da aka kai gawarwaki gabas, sai aka huce a kan 'yan Arewa da ke Aba da wasu garuruwan, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A watan Nuwamba 2002 aka sake yin wani a kan gasar sarauniyar kyau, a watan Afrilu 2011 kuma aka yi na bayan zaɓe.

Ba za a ce rufe masaƙu ne ya kawo faɗan ba, domin akwai tsohuwar jayayya a kan sarauta da ƙasa da siyasa. Amma wanda zai shiga aikin safe ƙarfe shida ba ya kwana a kan titi da gora. Da aiki ya ƙare, sai masu neman fitina suka sami samari birjik. Bayan 2000 kowa ya kwashe iyalinsa ya koma cikin nasa, Musulmi suka taru a Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Unguwar Sarki, Kirista suka taru a Sabon Tasha da Narayi da Television da Unguwar Romi. Kogin da ya jawo aka kafa garin ya zama kamar iyaka. Yaro ya tashi bai taɓa zama aji guda da wanda ba addininsu ɗaya ba, abin da kakansa ma'aikacin masaƙa bai sani ba.

Duk da haka ba a rasa masu ƙoƙari ba. Gwamna Ahmed Maƙarfi ya ba ƙabilun kudancin jihar masarautunsu, ya kuma tsara kotuna yadda kowa zai je wadda ta dace da shi. A watan Agusta 2002 malamai goma sha ɗaya da limaman Kirista goma sha ɗaya suka sa hannu a takardar alkawarin zaman lafiya ta Kaduna. Cikin waɗanda suka shirya ta akwai Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. A rikicin 1992 suna gaba da juna, Fasto ya rasa hannunsa, Imam ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, amma tun 1995 suka haɗa kai suna sasanta jama'a a Nijeriya da wajenta.

KADUNA TA YANZU

Rufe masaƙu bai hana garin girma ba. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 760,000 a ƙananan hukumomin Kaduna ta Arewa da ta Kudu kaɗai, ban da unguwannin da suka malala cikin Igabi da Chikun. Yawancin jama'a sun koma sana'ar hannu da ƙaramin ciniki. Wanda ya shiga Panteka zai ga maƙera da masu walda da kafintoci suna ƙera injin niƙa da tukwane da ƙofofi daga tsohon ƙarfe, wanda ya shiga Kasuwar Barci zai ga teloli ba iyaka. Hannun da ya iya aiki yana nan, jari da wuta ne babu.

An kuma yi wasu sababbin ayyuka. A 2016 aka buɗe sabon layin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja. A 2017 kamfanin Olam ya buɗe babbar ma'aikatar abincin kaji a Chikun, wadda ke sayen masara da waken soya. A 2018 aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Kakuri, domin ɗan kasuwa ya karɓi kwantenarsa a can ba sai ya zo Apapa ba. A 2020 aka fara shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, a 2022 kuma kamfanin Dangote Peugeot ya fara harhaɗa motoci. Gwamnatin Nasiru El-Rufa'i, daga 2015 zuwa 2023, ta faɗaɗa tituna ta gina gadar sama a Kawo, ko da ya ke rushe kasuwanni da gidaje ya jawo kuka mai yawa. Sai dai matsalar 'yan bindiga ta zo ta zama sabon cikas. Ran 28 ga Maris, 2022, suka kai wa jirgin Abuja hari suka kashe mutane suka sace fasinjoji, jirgin ya tsaya har watan Disamba. Mai jari kuwa ba ya kai kuɗinsa inda ya ke tsoron hanya.

ABIN DA YA SHAFE MU

To, jama'a, ga inda labarin ya iso kanmu. Samarin da mu ke gani suna sauka a Mil Sha Biyu da Agege da Alaba Rago, wannan ya kama acaɓa, wancan ga-ruwa, wancan gadi ko dako, wasunsu 'ya'yan ma'aikatan masaƙa ne, wasu kuma 'ya'yan manoman da suka daina shuka auduga domin babu mai saye. Da Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a manyan unguwanni a 2020 da 2022, mun ga yadda dubbansu suka wayi gari ba abin yi. Sana'ar da doka guda ke kashewa cikin dare ɗaya ba abin dogara ba ce.

Saboda haka akwai abin da ya rage gare mu. Na farko, duk wanda ya je yi mana yaƙin zaɓe a zango ko a kasuwa, mu tambaye shi maganar wutar lantarki da irin auduga da tsaron hanya, domin masaƙa ba ta tashi da jawabin biki. Na biyu, wanda Allah ya buɗa wa a nan kudu, in zai kai kuɗi gida, ya tuna da injin gurza ko na matsar mai ko shagon walda da zai ɗauki yara biyar, kada duka su ƙare a fili da bene. Na uku, mu sa 'ya'yanmu makaranta mu kuma koya musu sana'a, domin ko gobe aka buɗe masaƙa, injunan yanzu sai mai ilmi. Na huɗu, mu riƙe amanar zama da masu masaukinmu, mu shiga ƙungiyoyin kasuwa da na unguwa tare da su. Kakuri ta nuna cewa mutanen da ke cin abinci a wuri guda ba sa saurin ɗaga wa juna makami, kuma abin da ya faru a Aba a 2000 ya nuna cewa wutar da aka kunna a Kaduna mu ta ke fara ƙonawa.

In ka tashi zuwa gida da Salla mai zuwa, ka roƙi direba ya bi da ku ta Kakuri, ka dubi dogayen gine-ginen nan da ciyawa ta rufe ƙofofinsu. Da kuɗin manoman gyaɗa da auduga aka fara gina su, a lokacin da Arewa ba ta da ko kwabon man fetur. Allah ya kai mu gida lafiya, ya komo da mu lafiya.